Surukata ta ƙi cin girkina, tuwon dawa take nema

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29, muna zaune a Kaduna da maigidana da yaranmu 3. Wata 7 ke nan da rasuwar mahaifinsa. Shi ne ɗan fari, don haka mahaifiyarsa, Hajiya, tana fita takaba ya je ƙauyensu can ƙasar Katsina ya ɗauko ta ta dawo wurinmu. Tun da ta zo ba ta cin abincin kirki. In na yi shinkafa da miya sai ta yi loma biyu ta ture, taliya kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba. Na yi mata tuwon semo ta ce wannan ai roba ce. Abin da take ambato kullum shi ne tuwon dawa miyar kuka, da fate, da dambu, da ɗumame da safe. Ni kuwa ban tashi na ga ana tuwon dawa a gidanmu ba. Sau biyu na sayo gari a kasuwa na gwada. Na farko ya yi gudaji, na biyu ya yi ruwa kuma yana gari-gari a baki, miyar ma ta tsinke. Ta ɗanɗana ta ce "Allah ya yi albarka", ta rufe kwanon, ta aika aka sayo mata fura. Yara suka ce warin daddawa ya cika gida, babbar har da toshe hanci a gabanta. Yanzu ta rame. Ƙanwar maigida ta zo ta gan ta, ta koma tana faɗa wa dangi wai ina horon uwarsu da yunwa. Shi kuma abin da ya ce kawai, "ki yi mata abin da take so mana", bai ƙara ko sisi a kuɗin cefane ba, ga tsadar gas. Wallahi ina ƙoƙari, amma na fara jin haushinta, kuma ina jin kunyar kaina a kan hakan. Don Allah yaya zan yi?

Maman yara, daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan surukinki, ya ba Hajiya haƙurin rashi. Haushin da kike ji kada ya tayar miki da hankali. Duk macen da ta tsaya a kan wuta sau uku a rana, kwano yana dawo mata yadda ta kai shi, sannan a bi dangi da sunanta, dole ranta ya sosu. Abin da na fi dubawa a wasiƙarki shi ne kin sayo gari har sau biyu kin gwada abin da ba ki taɓa yi ba. Mai horon tsohuwa da yunwa ba ta yin haka.

Amma ki ɗan tsaya a inda Hajiya take tsaye. Mace ce da wataƙila ta shekara 40 ko 50 tana tuƙa tuwo kowace yamma, da muciyarta, a murhunta, da dawar da aka ɗebo daga rumbun mijinta. Cikin wata 7 ta rasa mijin, ta rasa ɗakin, ta rasa maƙwabtan da suke miƙa wa juna kwano ta kan katanga. Abin da ya rage wanda za ta iya roƙa ba tare da an ce ta cika fitina ba shi ne abincin da bakinta ya sani. Ki tuna kuma a ƙuruciyarta, a yawancin ƙauyukan Katsina da Kano, shinkafa abincin Sallah ce da biki. Sai da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, aka riƙa shigo da ita daga waje, aka kuma buɗe noman rani a Kadawa da Kura bayan gina madatsar Tiga, sannan ta zama ta yau da gobe. Ga tsarar Hajiya, wanda ya kwana bai ci tuwo ba ya kwana da yunwa ne ko da ya cinye tukunyar dafa-duka. Rufe kwanon da ta yi tana sa miki albarka kuwa kawaici ne. Da raini take nufi, da kin ji magana. Kuma tun da maigidanki ɗan fari ne, kin san ba za ta buɗe baki ta kai masa kuka ba, sunansa ma da wuya ta ambata. Shi ya sa damuwar take fitowa ta wurin kwano.

Kafin a je madafa, a je asibiti, a cikin makon nan. Tsohuwar da ta rame cikin wata biyu ba a ɗora abin a kan girki kaɗai. A auna hawan jini da sukari, a duba ko tana da ƙarancin jini, a duba haƙoranta da dasashi, don tsofaffi da yawa suna ƙin abinci ne saboda tauna tana yi musu ciwo kuma ba za su faɗa ba. In tana shan wani magani a tafi da shi likita ya gani, akwai masu kashe sha'awar abinci. A gaya masa batun rasuwar ma, da yadda take barci, domin baƙin cikin rashi yana hana ci, kuma yana da magani. Wannan aikin ɗanta ne, shi zai kai ta. Sakamakon zai shafi tukunyarki kai tsaye, za ki ga dalili in mun zo kan kanwa.

Tuwonki guda biyu da suka lalace, rabin laifin na garin ne. Garin dawa na kasuwa sau da yawa ba a surfa shi da kyau ba, wani an haɗa shi da masara, wani ya daɗe a buhu har ya fara ɗaci. Ki sayi dawar da kanki, mudu 2 ya isa gwaji, a kasuwar Kawo ko duk inda ake sayar da hatsi kusa da ke. Kafin ki saya ki tambayi Hajiya wacce suke ci a gida, farfara ko kaura. Farfara tana ba da tuwo mai haske, kaura mai ɗan rawaya, kuma wanda ya saba da ɗaya yana gane bambanci tun a lomar farko. Ki duba ƙwayar ta zama ba ta da huda ko gari a ƙasan mudu, wannan alamar ƙwari ce. A kai inji a surfe, a bakace dusar, ki wanke sau biyu ko uku, ki rege da ƙwarya don tsakuwa da yashi su zauna a ƙasa. Ki baza a tabarma ko buhu mai tsabta ta sha iska har ta bushe, amma ba ta yi ƙarau kamar dutse ba. A wurin niƙa ki ce a yi laushi sosai, kuma kada a zuba miki bayan an niƙa barkono ko wake. Gari yana fitowa daga inji da zafi, in kika ƙulle shi a leda a haka zai yi gumi ya yi tsami. Ki baza shi ya huce, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki ajiye tsakin da ya rage a kan rariyar daban domin shi ne fatenki na gobe. Kada ki niƙa abin da zai wuce mako 2 zuwa 3.

Ɗaya rabin laifin na sabo ne. Hannunki ya saba da semo, wanda alkama ce mai danƙon kanta, cikin minti kaɗan ta haɗe. Dawa ba ta da wannan danƙon. Abin da yake riƙe tuwonta shi ne talgen da ya dahu sosai, kuma nan ne masu koyo suke gaggawa. Ga awo na mutum 4 zuwa 5: ruwa lita 2, gari cikin gwangwanin madara 6. Ki ɗora lita ɗaya da rabi a tukunya mai kaurin gindi ya tafasa. Ki dama gwangwani 2 na garin a sauran rabin litar, da ruwan sanyi, har ya zama ba ƙulli ko ɗaya. Ki zuba a tafasasshen ruwan a hankali kina juyawa da muciya ba tsayawa har ya yi kauri kamar koko, wannan shi ne talge. Ki rage wuta, ki rufe amma ki bar ɗan gefe don kada ya yi bori, ki ba shi minti 20. Za ki san ya nuna in ƙamshin ɗanyen gari ya tafi, samansa ya yi sheƙi, yana ɓulɓulowa da nauyi yana fashewa. Tuwonki na biyu da ya yi gari-gari a baki, a nan ya samu matsala.

In talge ya nuna sai ki ɗebi kamar ludayi biyu ki ajiye a gefe. Ki riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya yana barbaɗawa ɗaya yana tuƙi, kina danna tuwon a jikin tukunya kina juyo shi daga ƙasa. Juye gari gaba ɗaya shi yake kawo gudaji, haka ma tuƙi a kan wuta mai ƙarfi. Ba dole ne garin ya ƙare ba, ki tsaya lokacin da muciya ta iya tsayuwa a tsakiya amma tuwon bai ƙi juyuwa ba, don dawa tana ƙara tauri in ta huce, kuma na tsohuwa gara ya yi laushi. In ya yi miki tauri ki sassauta shi da talgen da kika ajiye, ba da ruwan sanyi ba. Sai ki yayyafa ruwan zafi kaɗan, ki soka muciya wuri uku ko huɗu don tururi ya ratsa, ki rufe ya sulala minti 10 zuwa 15 a kan wuta ƙasa-ƙasa. Ki sake tuƙawa sau ɗaya, ki kwashe da mara kina tsoma ta a ruwa, ki mulmula a ƙwarya. Wasu suna ƙara cokali biyu na garin rogo don danƙo. Yana aiki, amma ki tambaye ta tukuna, tsofaffi da yawa ba sa so. Na Hajiya kuma kada ki ƙulle shi a leda, ki sa mata malmalarta a kwano mai murfi ko a kula.

Batun kanwa. A gidaje da yawa ana jiƙa 'yar kanwa kamar girman ƙwayar gyaɗa, a tace ruwan a zuba kafin talge. Tana sa tuwon ya yi laushi, launinsa ya ƙara duhu, kuma mai yiwuwa wannan ɗanɗanon ne Hajiya take nema. In ta yi yawa tuwon zai yi bauri da wari. Sai dai kanwa 'yar'uwar gishiri ce a jiki, tana riƙe ruwa tana ta da hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Don haka in likita ya ce jininta yana hawa, ki bar kanwa ki koma tsamiya: ki jiƙa sili 3 ko 4 a ruwan ɗumi, ki tace, ki dama talgen da shi. Tuwon tsamiya yana da ɗan gardi, kuma ya fi jure kwana, abin da mai son ɗumame take buƙata ke nan. In kuma sukari aka samu, kada kowa ya ce miki tuwon dawa magani ne a ci iya ci. Shi ma hatsi ne, likita zai faɗi girman malmalar.

Miyar kuka ta fi tuwon sauƙi, dokokinta kaɗan ne amma ba ta yafe wa wanda ya karya su. Ki nemi kuka mai kore shar, wadda aka shanya a inuwa. Wadda ta koma ruwan ƙasa ta tsufa ko rana ta cinye ta, ba ƙamshi ba yauƙi. Ki tankaɗe ta. Ki daka daddawar kalwa ƙwaya 2 da attarugu 2, da 'yar citta da masoro, da rabin albasa. Ki zuba a ruwa lita ɗaya da rabi tare da ƙashin miya ko busasshen kifin da kika gyara kika cire ƙaya, da rabin gwangwani na surfaffen wake, da cokali 2 na manja. Ki bar shi ya yi ta dahuwa, minti 40 ko fiye, har waken ya narke, ruwan ya koma kamar lita ɗaya, daddawar ta daina warin ɗanye. Ki ɗanɗana gishiri a nan, don bayan an kaɗa kuka gyara yana wuya. Sai ki tsame ƙashin ko kifin, ki rage wuta sosai, ki riƙa barbaɗa kuka kina kaɗawa da maburgi, babban cokali 3 zuwa 4. Ki tsaya tun tana da ɗan ruwa-ruwa, za ta ƙara kauri da kanta. Minti 3 zuwa 5 ta isa, kuma kada ki rufe tukunyar. Rufewa, da barin ta tana tafasa, da ƙara ruwan sanyi bayan an kaɗa, su ne suke tsinka miya. Abin da zai sa Hajiya ta ɗago kai ta dube ki shi ne man shanu. Ki sayi na Fulani, ki soya shi da yankakkiyar albasa har kumfar ta kwanta albasar ta yi ja, ki tace a kwalba. Cokali ɗaya a kan miya, da ɗan yaji a gefe.

Duk wannan da na zayyana miki, akwai wadda ta fi ni saninsa a cikin gidanki, kuma ita ce babbar shawarata. Ki je ɗakinta bayan la'asar, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: "Hajiya, ni ban iya tuwon dawa ba, a gidanmu ba a koya mini ba. Ina so ki koya mini irin naku." Kada ki kawo maganar ƙanwar maigida, kada ki kawo maganar kwanukan da suka dawo. Ki shimfiɗa mata tabarma a ƙofar madafa ko ki ajiye mata kujera 'yar tsugunno. Ki bar ta ta taɓa garin ta ce ya yi ko bai yi ba, ta gutsuro kanwar da hannunta, ta ce miki talge bai nuna ba ki ƙara masa. In ta karɓi maburgi kada ki ce "a'a Hajiya ki huta". Hutun ne yake cin ta. Za ta gyara miki abubuwa, wani gyaran ma ya saɓa da awon da na ba ki, ki bi nata, don bakinta ake nema a gamsar. Wata rana za ta yi miki faɗa a kan riƙon muciya. Ki yi dariya ki gyara. Tsohuwar da ta fara faɗa a madafa ta fara jin nan ma gidanta ne.

Ki riƙa tuƙa tuwon da ɗan yawa don a samu na ɗumame, nan kin huta da tunanin karin kumallonta. Da daddare ki raba tuwo da miya, in akwai wuta ki sa a firij, in babu ki tafasa miyar kafin ki kwanta kada a sake sa mata cokali. Da safe ki yanka tuwon gunduwa-gunduwa, ki sa ruwa kaɗan a gindin tukunya, ki rufe ya turara har zafi ya ratsa cikinsa, sannan ki zuba miyar a kai su ɗan dahu tare. In tuwon ya fara yauƙi a jiki ko wari, a zubar, cikin tsoho ba ya ɗaukar kasada. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya ma kada ki jiƙa ki zubar. Ki ɓamɓare shi ki shanya, in ya taru a jiƙa ya yi laushi a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Ki tambaye ta kwaɗon ƙanzo ki ga yadda fuskarta za ta canja.

In aka samu haƙori ne matsalar, fate ya fi komai dacewa da ita, kuma tukunya ɗaya ce. Ki soya albasa da jajjage kaɗan, ki tsaida ruwa lita 2 da daddawa da ƙashi ko kifi, ki sa wake ko dakakkiyar gyaɗa rabin gwangwani su dahu. Ki wanke tsaki gwangwani 2, ki zuba kina juyawa don kada ya dunƙule, ki ba shi minti 20 zuwa 25 kina leƙawa saboda yana saurin kamu. Sai ganye a ƙarshe: alayyafo, da yakuwa, da gauta in tana son ɗan ɗaci. Yakuwa in ta yi yawa tsami zai kashe faten, ki fara da ɗauri ɗaya, ko ki tafasa ta daban ki zubar da ruwan farko. Ki sauke shi da ruwa-ruwa, yana hucewa yana kauri. Dambu kuwa ki bar shi sai ranar da ba makaranta, yana son lokaci. Sirrinsa tsakin ya jiƙu amma a tsane shi sarai, a turara shi a madambaci kamar minti 25, a sauke a haɗa da zogale da albasa da attarugu da gyaɗa da mai, a mayar ya sake turara kamar haka. In ruwa ya yi yawa ya caɓe, in tururi yana tsere wa ta gefen madambaci ya fito da ɗanye, don haka a naɗe mahaɗar da tsumma mai tsabta.

Ba na ce ki juya gidanki ya koma ƙauye ba. Yaranki da ke kanki kuna da naku bakin. Dare 3 a mako na tuwo ga kowa da kowa, sauran ranakun ki yi abin da kuka saba, ita kuma a ɗumama mata nata ko a yi mata ɗan fate. Talge da dahuwar wake su ne masu cin gas, ki mayar da su kan kurfoti da gawayi, a tsakar gida ko baranda, ba a rufaffen ɗaki ba. Warin daddawa kuma yana raguwa sosai in kika ajiye ta a kwalba mai murfi, kika daka ta da citta, kika sa ta tun farkon dahuwa.

Yara ba laifinsu ba ne da ba su san kuka ba, abin da aka saba musu shi suka sani. Amma toshe hanci a gaban kaka ba a barin sa ya wuce. Ki kira babbar ku biyu, ba duka ba zagi, ki gaya mata abincin da ta toshe wa hanci shi ya raini babanta, ta je ta ba kakarta haƙuri. Daga nan ki bar wasan jika da kaka ya yi aikinsa. Ki sa 'yar malmala ƙarama a kwanon Hajiya ki tura mata ƙaramin ya ci tare da ita, ta tsokane shi da mijin da ba ya cefane, ta tsokani babbar da kishiyar da ba ta iya tuƙi ba. Yaro yana cin abin da ya ƙi a kwanon uwarsa in a kwanon kakarsa ya gan shi, ita ma cin zai fi shiga in ba ita kaɗai aka kai wa tire ɗaki ba. Kada ki tilasta musu, loma biyu a fara, da man shanu.

Maigida shi ne ya fi kowa samun sauƙi a labarin nan, kuma bai kamata ba. Ciyar da mahaifiyarsa nauyinsa ne, ke taimako kike yi da neman lada. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ba, da takarda a hannunki: dawa mudu kaza, surfe da niƙa, kuka, daddawa, man shanu, busasshen kifi, gawayi, da farashin da kika tambayo a kasuwa. Maza da yawa ba sa jin "kuɗin cefane ba ya isa", amma suna jin lissafi. Ki nuna masa cewa sayen dawa da kaka, lokacin da sabuwa ta shigo, ya fi sauƙi, kuma in suna da gona ko dangi a ƙauye, buhu ɗaya da kuka da daddawar gida da za a aiko a mota sun fi na kasuwa a bakin Hajiya. Ki roƙe shi abu biyu bayan kuɗi: ya riƙa zama yana cin tuwon dare kusa da ita ko sau biyu a mako, kuma shi ya yi wa ƙanwarsa magana. Ke kada ki kira ta, kada ki aika mata saƙo, kada ki mayar da martani a wurin dangi. Ita ma uwarta ta gani ta rame, tsoro ne ya fito da baƙar magana, ko da yake ba ta kyauta ba. In ta sake zuwa ki tarbe ta da fuska, ki ce tun da ita ta tashi a hannun Hajiya ta shigo ta nuna miki yadda suke dambu. In ta shigo kin samu hannu, in ta ƙi kowa ya gani.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan lokaci ya ƙi ba ki, musamman in kina aiki ko ƙaramin yana hannu. Ba abin kunya ba ne a nemo wata dattijuwa a unguwa mai tuwon sayarwa ko mai aikin gida da ta iya, a riƙa biyan ta tana tuƙawa sau uku a mako, ke ki riƙe miya. Yana yiwuwa kuma tuwo ya yi kyau, asibiti ta ce lafiya lau, Hajiya ta ci gaba da zama shiru tana kallon ƙofa. In haka ta faru, sai maigida ya sa wata ƙanwarta ko wani kawunsa da take sakewa da shi ya tambaye ta abin da ba a tambaye ta ba tun farko: shin tana son zaman Kaduna? Wasu tsofaffin sun fi samun lafiya in ana kai su gida su yi wata ɗaya ko biyu, da kaka ko da Sallah, su ga ɗakinsu da mutanensu su dawo. Wannan ba korar ta ba ce, kuma bai kamata maganar ta fito daga bakinki ba.

Ki ba abin mako 4 zuwa 6. Ki sa ido a kan abin da ya rage a kwano, da ɗaurin zaninta, da ko ta fara fitowa tsakar gida da kanta in ta ji ƙarar muciya. In ramar ta ci gaba duk da tana ci, ko ta fara yawan shan ruwa da fitsari, ko ƙafa ta kumbura, a koma asibiti ba jira. Gobe dai ki fara da tambayar nan guda ɗaya in kin kai mata ruwan alwala: farfara ko kaura? Allah ya ba ki ladan hidima, ya ƙara wa Hajiya lafiya.